Faifai Marar Suna

Baiwa tana cikin juya waina a tanda ta ji muryar ɗanta na fari, wanda aka binne a Fatakwal damina biyu da suka wuce.

Ba daga kusa muryar ta fito ba. Ta taso ne daga can ƙuryar babbar kasuwar Anacha, ta biyo saman rumfunan kwano, ta ratsa ihun 'yan dako da kukan motocin kaya, sannan ta zo ta sauka a kunnenta a hankali, kamar mai sallama a ƙofar gida. Waƙa yake yi. Baiwa ta tsaya da cokali a sama. Hayaƙin itace na shiga idonta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Kasuwar duk ta yi mata nisa, mutane na wucewa ta gabanta bakinsu na motsi, amma ba ta jin abin da suke faɗa.

"Inna! Wainar fa na ƙonewa!"

Auta ce, 'yarta ta ƙarshe, da goyo a bayanta. Ta karɓe cokalin, ta ce wa mutumin da ke tsaye yana jira ya ɗan dakata, da Turancin buroka, "Oga, wet simol," ta shiga kwashe baƙaƙen wainar tana tsaki.

"Kin ji?" in ji Baiwa.

"Na ji me?"

"Waƙar nan."

Auta ta karkata kai. Waƙar ta riga ta yanke, wani mutum ne yanzu yake sanarwa a lasifika da harshen Ibo. A Anacha aka haifi Auta, don haka ba ta buƙatar tafinta.

"Motar mishan ce, mai sayar da littattafai da faya-fayen garmaho. Wai yau mai motar ya gama da Anacha, da azahar zai ƙetare zuwa Asaba. Inna, lafiya?"

"Baƙon nan namu ne," Baiwa ta ce. "Na Fatakwal."

Auta ta ajiye cokalin. "Haba Inna. Yaya bai taɓa waƙa a garmaho ba, da mun sani. Kunnenki ne kawai."

Amma Baiwa ta riga ta gyara ɗaurin zanenta, ta yafa mayafi, ta zura takalma.

Wanda bai san mu ba zai ce wace irin uwa ce wannan, da take kiran ɗan cikinta baƙo. To, haka aka same mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna an san da zamansa a duniya. Baiwa ta shiga Kirista ita da mijinta tun suna ƙauyensu na Gidan Gimba a ƙasar Zazzau, ta bar tsafi, ta bar giya, ta bar abubuwa da yawa, amma kunyar ɗan fari ba ta cikin abin da aka bari a bakin ruwan baftisma. Ana yaye yaron kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ya tashi a sashenta, danga ɗaya ce tsakaninsu da Baiwa. Da mijinta ya sami aikin gadi a wani kamfanin Turawa a Anacha, suka taho suka bar shi can yana makarantar mishan. Kakar ce Innarsa, kuma har yanzu tana nan da ranta a Gidan Gimba, ta tsufa tukuf, idanunta sun rufe.

A mishan Malam Istifanus suke ce masa, sunan da ya samu ranar baftisma. Da ya girma suka kawo shi Fatakwal, gidansu na buga littattafai, yana juya musu Turanci zuwa Hausa. Yakan zo Anacha jifa-jifa da mujalla a hammata, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Sannunku da gida." Ita kuma sai ta juya baya ta kama wani aiki, ta ce wa Auta, "Tambayi baƙon ko ya ci abinci." Bayan ya tafi ne take sa Auta ta karanta mata mujallar daga bango zuwa bango, har da tallar littattafai, tana zaune shiru tana jin Hausarsa a bakin wani.

Zuwansa na ƙarshe ne ya tsaya mata a rai. Yana cin tuwo yana ba Auta labari, wai ya ga matar Bature a bakin jirgin ruwa ta rungume ƙaton ɗanta mai gemu, tana sumbatarsa tana kiran sunansa, ga jama'a na kallo. Ya yi dariya ya ce, "Su kam ba su da kunya." Auta ta yi dariya, Baiwa ma ta murmusa daga inda take. Wata biyu bayan haka zazzaɓi ya ɗauke shi. Kafin ta isa Fatakwal an riga an rufe shi a maƙabartar Borokiri, cikin jar laka, kusa da ruwa. Wurin zaman makoki ba ta yi kuka ba. Matan Hausawa suka yaba kawaicinta, matan Ibo na majami'a kuwa ta ji suna raɗa cewa zuciyar matar nan dutse ce. Maganarsu ba ta dame ta ba. Abin da ya hana ta sukuni tun daga ranar shi ne dariyar nan tasa. Dariya ce ta gaske, ko kuwa roƙo ne ya yi mata a fakaice ta ƙi ji? Tana son yaron nan so mai ciwo, kuma ba ta san ko ya mutu da sanin haka ba.

Ta kutsa cikin kasuwa. Layin masu atamfa, layin masu kwanuka, layin masu busasshen kifi. Tutocin 'yancin kai da aka rataya a kan rumfuna sun koɗe, koren ya koma ruwan toka. Tafiya take amma ba Anacha take gani ba. Inda aka jera gangunan manja sai ta ga rumbunan Gidan Gimba, inda wata mata ke sheƙe garin rogo sai ta ga surukarta tana sheƙe gero. Wani ɗan dako ya yi mata ihu, "Hanya, Iya, hanya!" ta kauce ba tare da ta san ta kauce ba. Da ta isa gindin bishiyar da aka ce motar ta tsaya, babu komai sai sawun taya a cikin laka da wata takarda mai hoto da aka tattake. Ta ɗauka ta kaɗe ta soke a zane, ta nufi bakin ruwa.

Kogin Kwara ya cika ya batse. Ruwan ja ne, faɗinsa har ido ya gaji, Asaba can ƙetare ta zama wani kore-kore da ke lilo cikin tururin rana. Ana ta maganar za a yi gada, amma dai har yau jirgin fito ne, kuma motoci sun yi layi tun daga kan tudu suna jiransa.

"A'a! Uwar Auta! Wa ya mutu kika bar tanda da rana tsaka?"

Malam Jumare ne, dillalin shanu, maƙwabcinsu a unguwar Hausawa. Dogo ne siriri, da malfa da sanda a kafaɗa, ya zo tarar shanunsa da za a ƙetaro da su. Shekara da shekaru suna zaman mutunci. Da salla yakan aiko mata da cinyar rago, da Kirsimeti takan aika masa da shinkafa, naman kuwa shi da kansa yake yanka mata don ya ci da kwanciyar hankali.

Ta rusuna. "Ina wuni, Malam. Ya iyali? Ya dabbobi?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya kasuwa? Ya jikanki?" Sai da suka kai gaisuwar ƙarshenta sannan ya dube ta da kyau, dariyar ta bar fuskarsa. "Me kike nema?"

"Motar mishan."

"Mai surutun nan? Ga ta can, ta uku a layi. Tun ɗazu ta hana mu jin kanmu. Mu je in raka ki, wurin nan ba na mace ita kaɗai ba ne."

Motar fara ce, da lasifika a kanta kamar ƙaton mazurari. An buɗe bayanta an baje kaya: Littafi Mai Tsarki, littattafan waƙoƙi, ƙananan littattafan labarai da aka juya daga Turanci, mujallu masu hoton mutane suna murmushi. Mai motar wani gajere ne kakkaura, ya ɗaure wuya da laktaye duk da zafin nan, yana fifita da mujalla. Da ya ga tsohuwa da mai malfa sun nufo shi sai ya miƙe, ya buɗe baki da Hausa tsantsa.

"Sannunku da zuwa! Mama, sannu. Baba, sannu da rana. Sunana Obidike. Kada ku yi mamaki, a Sabon Garin Kano aka yanke mini cibiya."

"Lalle kam," in ji Jumare. "Hausa kamar jakin Kano."

"Ɗana," Baiwa ta ce, kuma kalmar ta fito mata da sauƙi tunda ba nata ba ne, "ɗazu a kasuwa ka sa wata waƙa ta Hausa. Ita nake so in ji."

Obidike ya jawo wani akwatin katako ya buɗe. Faya-fayai ne baƙaƙe a jere cikin rigunan takarda. "Mama, tun safe nake sawa ina cirewa. Ga na Ibo, ga na Yarbanci, ga na Tibi, ga na Nufanci. Na Hausa kaɗai sun fi goma. Wacce daga ciki? Me ake cewa a waƙar?"

Ta girgiza kai. Ita ba ta ji kalmomin ba, murya ta ji.

"To mai waƙar fa, kin san shi ne?"

"Wani ne na gidanmu."

"Ƙaninki?"

"A'a."

"Ɗan maƙwabta?"

Baiwa ta dubi ƙasa. Jumare ya yi gyaran murya ya dubi kogi. Can tsakiyar ruwa jirgin fito ya bayyana, yana tahowa a karkace saboda ƙarfin igiyar ruwa, direbobi sun fara komawa motocinsu.

Obidike ya duba jirgin, ya duba akwatin. "In na ce zan sa su ɗaya bayan ɗaya, jirgin nan zai tafi ya bar ni, kuma gobe ana jirana a Binin. Mama, ko za ki ɗan rera mini? Ko da kaɗan ne, zan gane."

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Karin waƙar na nan cikin kanta sarai, amma ya ƙi hawowa maƙogwaro, kuma sai a lokacin ta gane dalili. Waƙar nan ba a tsaye ake yin ta ba. Ba ta san lokacin da ta durƙusa a kan lakar bakin Kwara ba, ta miƙa hannuwa biyu gaba kamar ta kama ɗan dutsen niƙa, ta tura, ta jawo, ta tura.

"Subhanallahi," in ji Jumare. "Uwar Auta, niƙa za ki yi mana a tasha?"

Ba ta ji shi ba. Muryarta ta fito siririya, ta tsufa, tana rawa:

"Ayye dutse, ayye gero,
hannu ya gaji, gida bai ci ba..."

Nan ta ja numfashi mai ƙarfi, hmm, daidai inda ake jawo dutsen baya, sannan ta ci gaba. Waƙarta ce. Ba ta koya wurin kowa ba, ita ta ƙaga ta tana amarya a Gidan Gimba, tana niƙa a gindin danga da sassafe. Tun da suka zo Anacha, inda inji ke niƙa, ba ta sake yin ta ba. Ko Auta ba ta taɓa ji ba.

Obidike ya tafa hannu. "Af! Mai shessheƙar nan! Mama, tashi, tashi, na gane ta." Ya shiga lalube cikin akwatin yana magana. "Wannan ai faifan Malam Istifanus ne, Allah ya ba shi hutawa. Ban tarar da shi ba, bayan rasuwarsa na kama aiki, amma har yau ana ba da labarin faifan nan a gidan buga littattafai. Kalmomin daga Turanci ya juyo su, da ya zo rerawa sai ya ƙi karin Turawan, ya ce ba ya shiga kunnen mutanensa, ya ɗora nasa. Baturen da ke ɗaukar murya ya ce to, amma numfashin nan da kake ja a tsakiya ya ɓata abin, a sake. Aka sake, ya ja. Aka kuma sakewa, ya ja. Bature ya fusata, ya ce ko asma gare ka? Shi kuwa ya ce a'a, haka waƙar take, in an cire wurin nan ba ita ba ce. Dole aka bar masa."

Ya zaro faifan, ya hure shi, ya ɗora a kan garmaho. Ya wana hannun, ya sa sabuwar allura, ya saukar da ita a hankali. Aka ji ƙara shuu, kamar ruwan sama a kan ciyawa. Sai muryar.

"Ya Yesu, makiyayin nesa,
ka bi ni har bakin ruwa..."

Hmm.

Ga shi nan. Numfashinta ne, a ƙirjin ɗanta. Ba a kan layin farko kaɗai ba, kowane wuri da take jawo dutse shi ma sai ya tsaya ya ja, har da 'yar karkarwar da muryarta ke yi in gero ya kusa ƙarewa.

Tashar jirgi ta ɓace mata. Tana durƙushe a gindin danga, raɓa ba ta bushe ba, zakaru na cara, garin gero na zuba fari a kan tabarma. Ta cikin ramukan dangar tana hango wata 'yar inuwa a tsugune, inuwar da ta sha gani tana ɗauke kai, tana ce wa ranta ai akuyar surukarta ce. Ashe kullum yana nan. Ashe duk safiyar da ta ƙi kallonsa shi yana sauraronta, yana haddace ta har da numfashi. Ya ɗauki abin nan ya kai makaranta, ya kai Fatakwal, ya tsaya gaban Bature ya ƙi yarda a taɓa shi. Wanda yake ganin uwarsa ba ta sonsa ba ya yin haka. Wani sanyi ya sauko mata tun daga ka har tafin ƙafa, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ta tsaya a kan kabarin Borokiri. Hawayen da ba su zo a zaman makoki ba suka zo yanzu, a gaban direbobi da masu tallar ayaba, kuma ba ta share ba.

Masu jiran jirgi sun matso suna saurare. Wata mata 'yar Ibo mai kwandon kifi a ka tana gyaɗa kai tana bin karin, ko kalma ɗaya ba ta ji. Jumare ya sauke malfarsa ya riƙe a hannu. Allura ta kai ƙarshe, ta shiga zagaye wuri ɗaya, ƙyas, ƙyas, sai da Obidike ya ɗaga ta.

Ya dube ta, ya dubi Jumare, sannan ya dafe kai. "Wayyo ni. Ni da na tashi a Kano! Ɗan fari ne, ko? Mama, ki gafarce ni, ina ta yi miki tambayar banza."

"Ɗan kakarsa ne," Baiwa ta ce.

Jirgin fito ya iso ya daki gaɓa, aka saki sarƙoƙi, shanun Jumare suka fara fitowa suna zamewa a kan katako. Jumare ko kallonsu bai yi ba.

Obidike ya mayar da faifan cikin rigarsa ta takarda, ya riƙe shi da hannu biyu ya miƙa mata. "Shi kaɗai ya rage. Sauran duk an rabar, kuma an ce ba za a sake buga irin waɗannan ba, wata sabuwar na'ura ake jira. Shi nake sawa don in tara mutane, duk inda na sa shi sai Hausawa sun taso. Amma ki ɗauka, Mama. In Bature ya tambaya, ni na san abin da zan gaya masa."

Ta karɓa. Ya fi yadda ta zata nauyi, kuma da ɗumin rana a jikinsa. Ta rungume shi a ƙirji.

"Garmaho ba matsala ba ne," in ji Jumare. "Maƙwabcinmu Alhaji Muntaka na da shi, yana nan yana shan ƙura. Zan aro miki duk ranar da kike so. In ya ce waƙar coci ce, in ce masa garmaho ba ya alwala."

Baiwa ta yi dariya cikin hawaye. Ta riga ta ga inda za ta ajiye shi, cikin babbar kwallarta, ƙarƙashin zannuwan zuwa majami'a. Ta rufe ɗaki, ta sa, ta ji, ta sake sawa, ba mai ganinta. Motar farko a layi ta tayar da inji ta gangara cikin jirgi. Obidike ya shiga tattara littattafansa da sauri.

"Ɗana," ta ce, "daga Binin sai ina?"

"Sai Lakwaja, Mama. Daga nan Kaduna, Zariya, sannan in bi kasuwannin ƙauye har kaka ta yi."

"Kana zuwa wajen Gidan Gimba?"

Ya tsaya da littattafai a hannu yana tunani. "Inda ake cin kasuwa ran Laraba, gindin kukoki? Tana cikin hanyata. Akwai 'yar majami'a ta jinka a wurin."

Baiwa ta dubi faifan. Ta ga tsohuwar surukarta a zaune a bakin bukkarta, ido a rufe, kunne a buɗe. Ita ta tauna masa abinci, ita ta goya shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta taɓa kabarinsa ba, labari kawai aka kai mata cewa an rufe shi a wata ƙasa mai ruwa. Har yau, in ji masu zuwa, in ta ji tsayuwar mota sai ta tambaya ko shi ne. Yaron nan bai koma gida ba. Ga shi yanzu a hannunta, ga mota, ga jirgi, kuma ita ce za ta kulle shi a kwalla.

Kai, abin da wuya. Hannuwanta suka ƙi sakin faifan, sai da ta yi musu da gaske.

"Ungo," ta ce. "Kai shi gida."

"Mama..."

"Na ji nawa. Akwai wata tsohuwa makauniya a can, ka sa a ɗauko ta a zaunar da ita kusa da motarka. Kada ka sa da ƙarfi sosai, za ta tsorata." Ta nuna farar takardar da ke manne a tsakiyar faifan. "Nan me aka rubuta?"

"Hausa, sai lamba. Ba a sa sunan masu waƙa, wai don yabo ya tafi ga Ubangiji shi kaɗai."

"Ubangiji ai ya san shi. Mutanen ne nake so su sani. Ka rubuta, in ka je ka faɗa a abin maganar nan naka."

Obidike ya zaro alƙalami daga aljihun gaba, ya cire murfin da haƙori. "Malam Istifanus, ko?"

"Ba wanda ya san wannan a Gidan Gimba. Tsohuwar ba ta taɓa iya faɗarsa ba. Sunan da ta raɗa masa za ka sa."

"To, yaya sunan?"

Mota ta biyu ta shige jirgi. Ma'aikacin jirgin yana dukan bayan farar motar da tafin hannu yana ihu da buroka, a matsa ko a ba wani wuri. Obidike na tsaye da alƙalami a kan takarda, yana kallon Jumare, don yanzu ya san ba ita ake tambaya irin wannan ba. Jumare ya san sunan, ya sha jinsa a bakin masu zuwa daga Gidan Gimba. Ya matso ya buɗe baki zai ɗauke mata nauyin, yadda kowane mutumin kirki zai yi.

Baiwa ta ɗaga masa hannu. Ya rufe bakinsa.

Sunan na nan inda ta ajiye shi shekara talatin da wani abu, ba ta taɓa ɗora shi a harshe ba, ko a addu'a cewa take, ya Ubangiji, ka san wanda nake nufi. Ta sunkuyar da kai ta faɗe shi can ƙasa-ƙasa, kuma daidai nan jirgin ya busa ƙahonsa, ya cinye maganar.

Obidike ya kawo kunne. "Na'am, Mama? Ban ji ba."

Sai ta ɗaga kai. Ba shi ta kalla ba, kogin ta kalla, ta cika ƙirjinta, ta yi kira da dukan muryarta, irin kiran da mata ke yi da magariba in tuwo ya sauka yara ba su dawo ba.

"Arzika!"

Rabin tashar suka waiwayo, suna neman wanda ake kira.